Gwadabe Ya Ɗauki Azumin Neman Aure

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta Anacha a shekarar da sojoji suka yi juyin mulki har sau biyu, in bai san fuskar Gwadabe ba, to ya san muryarsa. Ɗan Alhaji Na'Allah ne, mutumin Yawuri, babban dilan albasa a kasuwar Ose. A Anacha aka haife shi, yana jin Hausa, yana jin yaren Ibo, yana jin Turancin kasuwa, kuma a duk ukun abu ɗaya yake yi, cika baki. Shi ne ya ce kafin a gina gada ya sha ratsa Kwara da iyo zuwa Asaba, ya sayo goro ya dawo, goron bai jiƙe ba. Shi ne ya ce da ake aikin gadar, Bature injiniya ya ja shi gefe ya tambaye shi inda za a kafa ƙafar tsakiya. Aikinsa a rumfar ubansa kuwa shi ne nuna wa 'yan dako inda za su ajiye buhu, wurin da su ma sun sani tun kafin ya iso.

To, Gwadaben nan ya ga Sakinatu, 'yar Malam Indabawa mai barkono, wanda rumfarsa ke kallon tasu, ya ji in ba ita ba sai dai a rufe kasuwa. Ita ma ba ta ƙi shi ba. Ta ce surutunsa na ɗebe kewa, kuma duk ƙaryarsa ba ta taɓa cin kowa ba.

A can gida, baffa ko kawu ake turawa da irin wannan magana. A Anacha ba shi da ko ɗaya, sai ya wanke ƙafa ya tafi da kansa. Ya sami Alhaji a tsakar gida bayan la'asar, rediyo manne da kunne, uwarsa Baiwa na gefe tana tsintar shinkafa. Kada ku manta, Gwadabe ɗan fari ne. Tun da aka haife shi Baiwa ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kallonsa ido da ido, in tana da magana da shi sai ta gaya wa bango ko tukunya. Uban ma iyakarsa ya ce "kai".

Ya durƙusa. "Baba, barka da hutawa."

"Mm."

"Na ce, Baba, ɗakin nan nawa ya yi mini girma."

"A zuba albasa a rabi."

"Ba haka nake nufi ba. Wato, kayana ma babu mai wanke mini."

"Hannunka ciwo yake?"

Baiwa ta dubi faifan da ke cinyarta ta ce, "Alhaji, wancan fa aure yake so. Tun watan jiya yake shafa turare zuwa rumfar barkono."

Alhaji ya rage muryar rediyo. "Kai, kana jin abin da akwatin nan ke faɗa kuwa? Ƙasa ba lafiya, mutum bai san inda gobe za ta same shi ba. Kuma mace ba a ciyar da ita da labarin Bature injiniya. Buhu nawa ka taɓa sayarwa da kanka?"

"Ai ni ke tsara yadda ake..."

"Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gama magana. Saurayin da ke da hali ya yi aure, wanda ba shi da hali ya riƙi azumi, shi ne garkuwarsa. Kai ba ka da hali. Ka san saura."

"Na Litinin da Alhamis ke nan, Baba?"

"Ko shi ka iya, ai ka yi ƙoƙari."

Ko shi ka iya! Wannan kalma ita ta soki Gwadabe. Ya miƙe ya fita yana huci, kafin ya kai zaure dabara ta faɗo masa, har ya tsaya ya yi wa kansa kirari.

Washegari da yamma ya tsaya ƙofar gidan su Sakinatu ya zayyana mata. Azumi aka ce, azumi zai yi, irin wanda Anacha ba ta taɓa gani ba. Zai rame, ya ƙanjame, wuya ya zama kamar na buta, har tausayi ya kama Baba ya ce, sha ruwa, ga matarka.

Sakinatu ta gyara mayafi. "Malam Gwadabe, ni ma fa ina yin Litinin da Alhamis. Ka taɓa ji?"

"A'a."

"To."

"To me?"

"Nafila ai tsakanin mutum da Ubangijinsa ne."

"Naki ke nan, na mata. Nawa na maza ne, sai an gani."

"Kuma ka manta kai ɗan fari ne? Ko kana ci da wuta Innarka ba za ta nuna ta gani ba."

"Ki bar wannan a hannuna," in ji Gwadabe, yana bugun ƙirji.

Ranar Litinin, kafin hantsi, babu wanda bai sani ba a kasuwar Ose, har masu kifin bakin ruwa, cewa ɗan Alhaji na azumi. Ya sami dogon carbi ya rataya. Ya daina shafa mai a leɓe. In zai tofar da yawu sai ya zo tsakiyar hanya ya yi kaki mai ƙarfi, ya dubi dama da hagu. Wanda ya ce masa ina kwana, amsarsa ita ce, "Lafiya lau, sai ƙishirwar azumi." Mako bai zagayo ba ya ce Litinin da Alhamis wasan yara ne, ya koma na Annabi Dawuda, yau a yi gobe a huta. Da ya ga hutun na rage masa 'yan kallo, sai ya shelanta a ƙofar masallaci cewa daga yau kullum ne.

Liman Bubayero, dattijo mai sanyin magana, ya dube shi ya ce, "Sannu da himma. Ka dai sani, nafila in ka ɗauka ba a ajiye ta da rana don ganin dama. Sai fa in uwa ko uba ko malaminka ya tausaya maka ya ce ka sha ruwa."

Gwadabe ya yi murmushi har kunne, don ai nan ya dosa. Ya riƙa gilmawa gaban ubansa yana jan ƙafa, yana dafa buhuna, yana nishi. Alhaji ya riƙa kallon albasa ta bayansa kamar iska ce ta wuce. A gida kuwa ya kan zube kusa da murhu ya yi ajiyar zuciya, Baiwa ta ce wa tukunya, "A gaya wa wancan ya matsa, yana tare mini iska."

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne matan unguwa. Wa zai ji ana rabon ladan ciyar da mai azumi ya zauna? Rana na faɗuwa kwanuka za su fara sallama. Kande mai tuwo ta aiko da malmala uku da miyar kuka. Gidan mahauta su aiko da farfesun kai. Wannan kunun tsamiya, wancan fura da nono, wata doya da manja. Har Obiageli, 'yar Ibon da ke suyar ƙosai a bakin layinsu, wadda ta san shi tun yana rarrafe, ta kan ƙunso masa masu zafi a ganye. Gwadabe kuwa mutum ne da ba ya son ya hana kowa lada. Ya kan zauna ya bi kwanukan nan ɗaya bayan ɗaya har sai ya ga gindinsu.

Wata bai cika ba kumatu suka fito. Wuyan da aka ce zai koma na buta ya yi ninki. Wata safiya tazugen wandonsa ya tsinke a gaban rumfa, ya cafe shi da hannu biyu. Ranar ce kaɗai Alhaji ya ɗaga kai ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai, azumin nan ya karɓe ka. Kada ka bari."

Da Gwadabe ya ga rama ta ƙi, sai ya sauya dabara. Tun da ba a samu ta wajen Baba ba, a bi ta wajen suruki. Ranar Juma'a bayan an sauko, jama'a na neman takalma, ya hango Malam Indabawa kusa. Malam mutum ne mai tsarkin zuciya, irin wanda in ka ce masa an ga kifi a kan bishiya zai ce Allah mai iko. Gwadabe ya gyara murya yadda za ta kai layin baya.

"Ai azumi asiri ne, jama'a. Ni yanzu ya wanke mini zuciya tas. Wallahi mace ta wuce ta gabana, da ita da buhun albasa duk ɗaya. Ko aure aka ba ni yau kyauta, sai na ce a dakata, kada a shiga tsakanina da ibada."

Aka yi ta kabbara. Malam Indabawa ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu yana gyaɗa kai, idonsa har ya kawo ruwa. Gwadabe ya koma gida yana cewa a ransa yau ya gama da tsoho.

Ana cikin haka gari ya ɗau zafi. Labarai marasa daɗi suka riƙa zuwa daga Arewa, mutanen Gabas na dawowa gida da abin da ido ba ya son gani, kowa kuma ya san fushin ba zai tsaya a tasha ba. Maƙwabtan da aka shekara ana gaisawa, wasu suka fara kau da kai, wasu suka zo ta ƙofar baya suka ce ku tafi tun da sauran hanya. Manyan unguwa suka tsai da Alhamis ranar tashi. Motocin da suka kawo albasa da shanu za su taru a bakin gada, wurin da ake kira Hedbirij, kowa ya nufi garinsu. Su Alhaji Na'Allah Yawuri, su Malam Indabawa Kano.

Ana jibi tafiya Sakinatu ta aika aka kira shi. Bai taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Ka ji abin da bakinka ya jawo? Baba ya yi niyyar ya sami Alhaji a ɗaura kafin a watse, don ba a san ranar haɗuwa ba. Har ya gaya wa Iya. Sai ka tashi a masallaci ka mai da ni buhun albasa."

"Kai! Ai ba ke nake nufi ba, sauran matan..."

"Yanzu ya ce shi ba zai shiga tsakanin bawan Allah da ibadarsa ba. Ya ce waliyyi kake shirin zama."

"Waliyyi? Ni?"

"Kai fa. Jibi ni Kano, kai Yawuri. Ka je ka yi ta azuminka."

Ta shige gida ta bar shi riƙe da carbi. Wannan karon Gwadabe ya san ba wasa. Amma ya je ya ce wa jama'a ƙarya yake? Ina! Sai ya yanke cewa gobe ba zai ɗauki azumi ba, zai ci abinci a bainar jama'a, a kama shi, waliccin ya rushe da kansa ba tare da ya buɗe baki ba.

Da safe ya tsaya tsakar gida ya sanar da bango, "Yau fa ba na azumi."

Baiwa na ɗaure kaya, ta ce wa igiya, "Wancan ya fara ɓoye ibadarsa, ashe hankali na zuwa. Tukwane dai sun riga sun shiga buhu."

Ya fita da yunwarsa ya nufi Obiageli. Ya miƙa kwano a gaban kowa, ya ce a zuba na zafi.

Ta dafe ƙirji da hannu biyu. "Tufiakwa! Allah ya kiyaye! Ni zan karya maka azumi? Me zan gaya wa Allah?"

Ya rantse mata da yarenta cewa yau bai ɗauka ba, yunwa ce ke neman kashe shi.

"Shaiɗan ne, nwa m, ɗana, ka daure. Da yamma ka zo, kyauta zan ba ka." Ta ja faranti ta rufe ƙosan, ta kore shi da matsami.

Ya shiga kasuwa ya sayi ayaba. Ya hau kan buhun albasa a tsakiyar layi, inda 'yan dako suka fi yawa, ya ɓare ta a hankali yadda kowa zai gani, ya gatsa. Bai kai ga taunawa ba ya ji an yi sama da shi. Ɗanjuma ne, wani ƙaton ɗan dako mai hannu kamar faranti.

"Subhanallahi! Ɗan Alhaji ya manta! Ku kawo ruwa!"

Aka kwantar da shi. Ɗanjuma ya matse masa kumatu ya zura yatsa ya ƙwaƙulo ayabar, wani ya kawo buta aka kuskure masa baki, wani ya ƙwace sauran ya cinye don kada ta sake jarabtarsa.

"Da gangan na yi!" in ji Gwadabe.

"Kun ji ko? Har laifi yake ɗora wa kansa. Kai, wannan yaro ya yi nisa."

Liman Bubayero ya zo wucewa, aka ba shi labari. Ya ce mantuwa ba ta ɓata nafila, ya ci gaba da abinsa. Gwadabe ya so ya ce Allah gafarta malam ban ɗauka ba, amma babban yatsan Ɗanjuma na cikin bakinsa yana neman saura.

Azahar ta yi, ga yunwa, ga babu lada. Ya ce to, a je ga mai gayya. Ya zagaya can ƙarshen kasuwa inda ba a san shi ba, ya sayi gasasshiyar masara biyu, ya nufi rumfar Malam Indabawa. Ya tube takalmi, ya durƙusa, ya gaisa, ya fito da masara. Ya ɗaga hannu. Hannu ya taso lafiya har ƙirji, daga nan ya ƙi gaba. Bahaushe ya tauna abinci a gaban uban yarinyar da yake nema? Ya sake gwadawa, gumi ya karyo masa, hannu ya tsaya a inda ya tsaya da farko, masara na kallon Malam.

Malam ya miƙo hannu ya karɓa. "Allah sarki! Kana azumi kana ciyar da wasu. Ka kuwa san tun safe ban karya ba."

Ya yi bisimilla ya cinye ta farko, ya karɓi ta biyu. Gwadabe na durƙushe yana bin kowace ƙwaya da ido.

"Yaro, ba zan ɓoye maka ba," in ji Malam yana share gemu, "na so in ba ka Sakinatu. Amma da na ji maganarka ran Juma'a na ce a'a, Indabawa, ka ji tsoron Allah, kada ka ɗora wa wannan bawa wahalar cefane. Ko ba haka ba?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ta isa. Gwadabe ya buɗe baki, ya hango 'yan dako sun kewaye suna saurare, sai girman kai ya rinjaye shi.

"Haka ne, Baba."

"Madalla. Tofa mana addu'a a kan kayan nan, Allah ya kai mu lafiya."

Haka ya bi ƙullin kayan tafiyarsu, har da na Sakinatu, yana tofawa, hawaye na zuba, Malam na cewa ku dubi tsoron Allah.

Da asubar Alhamis, bayan an idar da salla, bai tsaya ƙofar masallaci ba. Ya riga ya kurɓi ruwa kafin kiran salla, ya ɗauki azumi, bai gaya wa ko bango ba. Ya roƙi Allah abu ɗaya tak, ya cusa dogon carbin nan cikin aljihu.

Hantsi na yi Hedbirij ta cika maƙil. Motoci masu bodin katako a jere, tabarmi, akwatuna, awaki, mata da goyo, kowa fuska a ɗaure, ba mai magana da ƙarfi. Gwadabe ya hango Sakinatu ta riga ta hau motar Kano, ta juya masa baya. Malam Indabawa ba shi da ɗa namiji babba, ga shi tsaye kan buhu guda na niƙaƙƙen barkono da ya ce ko za a bar komai ba za a bar shi ba, da shi zai fara sana'a a gida. 'Yan dako kowa na fama da nasa kayan.

Tsohon hali ya motsa. "Ku matsa, ku matsa! Ni da na saba ɗaukar biyu a kai, ɗaya a hammata!"

Ya ciccibi buhu da ƙyar ya aza a ka, ya kama tsanin mota. Mataki na farko lafiya. Na biyu gada ta fara juyawa. Kafin na gaba ya ga Kwara a sama, sama a ƙasa, ya taho da baya, shi da buhu suka iso tare, buhu ya ce fus.

Wayyo, jama'a! Jan hayaƙi ya turnuƙe wurin. Direba atishawa, liman atishawa, ɗan sandan da ke tsaron hanya ya yar da kulki yana atishawa, awaki ma ba a bar su a baya ba. Da ƙura ta lafa sai ga Gwadabe kwance, ja wur daga hula har ɗan yatsa, ido a rufe, yana numfashi sama-sama.

"A ba shi ruwa!" in ji wani.

"Kai, azumi yake!" in ji Ɗanjuma.

"Zai mutu fa!"

"Ya mutu da azumi a baki, ai ya dace!"

Liman Bubayero ya tsuguna yana share hanci, aka wanke wa Gwadabe ido. "Gaya mini gaskiya, kana azumi yau?"

"Ina yi, Allah gafarta malam." Sai ya fashe da kuka, irin na yaron da aka ƙwace wa rake. "Na yau ne kaɗai na Allah! Sauran duk na Sakinatu ne!"

Wuri ya yi tsit, sai atishawa jefi-jefi.

"Ni ba waliyyi ba ne! Jiya yunwa nake ji aka ƙwace mini ayaba! Ban taɓa ratsa Kwara ba, ko a kwalekwale amai nake yi! Bature bai san da ni ba! Mace ba buhun albasa ba ce! Aure nake so, wayyo Allah, aure nake so!"

Ɗanjuma ne ya fara, dariya ta ƙwace masa har ya zauna a ƙasa. Daga nan ta bi motoci ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da suka yi makonni haƙoransu ba su ga rana ba suka riƙe ciki, suna dariya, suna atishawa, suna share hawaye, har ɗan sandan da bai ji Hausa ba.

Liman ya miƙa masa buta. "Sha, larura ce."

Gwadabe ya damƙe baki ya girgiza kai. "Wannan ba zan karya ba. Shi kaɗai gare ni."

Leɓensa sun bushe, ido na juyewa, ya ƙi. Sai aka ga mata na darewa. Baiwa ce ta ratso da moɗa a hannu, ta durƙusa cikin garin barkonon nan, ta tallafo kansa ta aza a cinyarta, a gaban duk mutanen Anacha.

"Gwadabe."

Dariya ta ɗauke. Shi kansa ya buɗe jajayen idanunsa yana neman wanda ya yi magana.

"Gwadabe, sha. Ni na ce ka sha."

Ya sha. Alhaji Na'Allah ya juya baya yana goge ido da hannun riga, yana cewa barkonon Malam ba dai ƙarfi ba.

Malam Indabawa ya matso, har yanzu bai gama mamaki ba. "Alhaji, ashe ba waliyyi ba ne?"

"Malam, ɗana ne. Ko kusa."

"To alhamdu lillahi! Da ma ina zan kai waliyyi a wannan tafiya? Ni mai ɗaukar kaya nake nema, ko da mai zubarwa ne. In kun yarda, a ɗaura yanzu."

"Malam, yaron nan ba shi da hali."

Malam ya waiwaya ya dubi wajen kasuwa, inda rumfunansu ke kulle. "Alhaji, yau wa ke da hali a cikinmu?"

Alhaji ya ciro rediyon da ke rataye a kafaɗarsa ya miƙa. "Ga sadaki. Da ma ya ishe ni da mugun labari."

Aka leƙa mota aka tambayi Sakinatu. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, uwarta ta ce a ɗaura, wannan ba kuka ba ne. Wata ta kwance goro daga ƙullinta, liman ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha a gefen taya, ango na zaune a ƙasa ja wur yana atishawa a madadin amin.

Direbobi suka fara hon. Alhaji ya ce wa ɗansa, "Kai, Malam ba shi da namiji a mota. Ka raka su Kano. In ƙura ta lafa ka taho mana da ita Yawuri." Obiageli ta iso da gudu, zani a hannu, tana kuka wiwi, ta dangwara masa ƙunshin ƙosai mai zafi a cinya, ta ce ya dawo, ko ba jima ya dawo. Baiwa ta riga ta koma halinta. Ta tsaya gefen motar Kano ta dubi taya ta ce, "A gaya wa wancan ya ci abinci a hanya."

Gwadabe ya hau. Wuri ɗaya ne ya rage a motar, gwiwa da gwiwa da Malam Indabawa. Ya zauna, ƙamshin ƙosai na dukan hancinsa, ya ɗago hannu, hannu ya iso ƙirji ya tsaya. Mota ta hau gada, Anacha na komawa baya, sai ya ji muryar Sakinatu ƙasa-ƙasa daga layin mata.

"Malam Gwadabe, Kano fa da nisa."

Ya rayu ya tsufa, bai kuma daina cika baki ba. Jikokinsa sun ji yadda shi kaɗai ya tare hanya da buhun barkono har motoci suka tsira, sun ji na Bature injiniya ya fi a ƙirga. Amma Baiwa ba ta sake kama sunansa ba har ta koma ga Allah, kuma labarin moɗar ruwan nan shi ne guda ɗaya da ba a taɓa ji daga bakinsa ba. Waɗanda suka yi atishawa a Hedbirij ran nan su suka ba mu.